Daga Ina Kaurin Kindirmo Yake Zuwa?

Mai sayen fura da nono a unguwar Bagadaza ta Gombe, kafin ya ɗanɗana, ludayi yake ɗagawa ya ga yadda nonon ke zuba. Idan ya tsinke, sai ya ce an tsarma ruwa. Wannan awon ido shi ya sa wasu masu sayarwa ke zuba garin ƙwallon kuka ko sitaci domin nono ya yi jiki. Ra'ayina shi ne kaurin da ya cancanci kuɗin mai saye shi ne wanda ƙwayoyin halitta suka samar da kansu, kuma ana iya samunsa ba tare da gauraye ba.

Ƙwayoyin bakteriya masu tsamar da madara, irin su Lactobacillus da Streptococcus thermophilus, suna cin sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin kuma ya daskarar da furotin. Amma wasu jinsinsu suna yin wani aiki na biyu: sukan ɗinka ƙwayoyin sukari su zama dogayen zarurruka, su fitar da su cikin madarar. Zarurrukan nan suna riƙe ruwa, suna shiga tsakanin furotin, shi ya sa nonon da ke da su yake zuba a hankali, yake da santsi a baki, kuma ruwa ba ya saurin tasowa samansa. Tsawon zaren da yawan rassansa su ne ke yanke irin kaurin da za a samu, fiye da yawansa, domin a lita guda yawanci bai kai giram ɗaya ba.

Za a ce ai yauƙi a nono alamar lalacewa ce. Wani lokacin haka ne, domin akwai ƙwayoyin ƙazanta da ke sa ɗanyar madara yauƙi. Sai dai a ƙasar Finlan akwai nonon da ake kira viili, wanda ke jan zare kamar miyar kuɓewa, kuma saboda wannan yauƙin ake sonsa. Haka nan dekstiran, zaren da ƙwayar bakteriya Leuconostoc mesenteroides ke yi, masana a Suwidin suka mai da shi ruwan da ake ƙara wa wanda ya zubar da jini tun shekarun 1940.

Masu cewa garin ƙwallon kuka ya fi arha suna da gaskiya a lissafin yini guda, amma abin da yake yi shi ne ɓoye ruwan da aka ƙara, kuma ba a san tsabtar ruwan ba. Matan Fulani da ke zuba ragowar nonon jiya a madarar yau, iri suke adanawa, kuma ƙwaryar wata ta fi ta wata. Ya kamata Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere su tattara irin daga rugage, su tantance masu ba da kauri ko a zafin Afrilu, su mayar wa matan da shi.