Abinci na shiga, jiki na ramewa: maganin da ke taimakon masu sankarar pankiriyas

A ƙasar Magarya da Dungas, inda gyaɗa da riɗi suke cikin manyan amfanin gona, idan majinyaci ya rame sai iyali su ƙara masa mai a miya, su dama masa fura da nono. Amma akwai cutar da ke hana wannan hidima amfani, ita ce sankarar pankiriyas.

Pankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15. Kowace rana tana tsiyayo da ruwa wajen lita 1 da rabi zuwa cikin hanji. Sinadaran wannan ruwa su ne ke narkar da mai da nama da tsaba. Idan sankara ta toshe magudanar ruwan, abinci sai ya wuce bai narku ba. Bayan gida ya zama mai maiƙo da wari ƙwarai, launinsa ya koɗe, ciki ya riƙa kumburi, mutum yana ci yana ramewa.

Likitoci suna da abin da ke maye gurbin ruwan, wato ƙwayoyin pankiriyatin, waɗanda aka fi sani da sunan Creon. Ba sa warkar da sankara, amma suna rage zawo da kumburi, suna taimaka wa majinyaci ya riƙe nauyinsa da ƙarfinsa. A shekarar 2018 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ce a riƙa ba da su ga wanda sankararsa ta wuce aikin tiyata.

Shan maganin yana da ƙa'ida. Ana haɗiye shi tare da lomar farko, a kowane cin abinci, da ruwa mai sanyi. Ba a tauna shi, ba a kora shi da shayi ko kunu mai zafi, domin zafi na kashe ƙarfinsa. Saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai a adana shi a inuwa, a wuri mafi sanyi cikin ɗaki. Likita ne ke ƙayyade yawan ƙwayoyin.

Akwai maganar da ya wajaba a faɗa wa majinyaci a fili: ana samo maganin daga jikin alade. Malaman fiƙihu da yawa sun halatta irin wannan magani bisa larura, idan babu wani madadinsa. Ya kyautu likita ya yi bayani, majinyaci kuma ya nemi shawarar malaminsa.

Hanyar jinya tana da nisa. Daga ƙaramin gidan likita a kan tura mutum asibitin Magarya, daga nan babban asibitin ƙasa na Damagaram, kimanin kilomita 90 arewa, sannan cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, wadda ta soma gashin sankara da na'ura a 2021. Tafiyar nan sai da ƙarfin jiki, ƙarfi kuwa daga abincin da ya narku yake fitowa.

Don haka kada kunya ta hana iyali bayyana wa likita yadda bayan gidan majinyaci yake. Ma'aikatan kiwon lafiya su ma su riƙa tambaya, hukumomi kuma su kula da samuwar maganin a farmasi. Mai ɓoye ciwonsa, maganinsa yake ɓoyewa.