Yadda ake horar da numfashi, jiki da muryar ɗan wasan kwaikwayo

A ranar 16 ga watan Afrilu na kowace shekara ake bikin Ranar Murya ta Duniya, wadda likitocin ƙasar Burazil suka assasa a 1999. Ga ɗan wasan kwaikwayo kuwa, murya jari ce: ranar da ta dushe, ranar sana'a ta tsaya. Fitacciyar 'yar wasan Ingila, Julie Andrews, ta rasa muryar da take waƙa da ita bayan aikin da aka yi mata a maƙogwaro a 1997. Wannan ya sa manyan makarantun wasan kwaikwayo ke ware wa murya darasi na kanta, tun daga shigar ɗalibi har fitarsa.

Abin da ake fara cusa wa ɗalibi shi ne cewa ƙarfin murya ba daga maƙogwaro yake fitowa ba. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu da ke kaɗawa idan iska ta ratsa su, fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kimanin sau 200 ga mace. Sautin da suke bayarwa ɗan kaɗan ne. Iskar da ke motsa su daga huhu take, kuma faffaɗan naman da ya raba ƙirji da ciki, tare da haƙarƙari, su ke sarrafa ta. Maƙoshi da baki da hanci ne ke kumbura sautin, sannan harshe da leɓɓa su yanka shi ya zama kalmomi. Wanda ya takura maƙogwaro domin a ji shi, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Darasin madubi

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gano haka shi ne F. Matthias Alexander, ɗan wasan Ostireliya da aka haifa a 1869. Muryarsa ta riƙa dushewa duk lokacin da ya hau dandamali, magungunan likitoci kuma suka gaza. Da ya jera madubai yana kallon kansa, sai ya ga cewa da zarar zai buɗe baki yakan ja ƙeya baya, ya danne maƙogwaro, ya fizgi iska. Da ya bar wannan ɗabi'a, murya ta dawo. Ya koma Landan a 1904, kuma har gobe ana koyar da hanyarsa a makarantu irin su RADA ta Landan da Juilliard ta New York.

A kan wannan fahimta malaman baya suka ɗora. Kristin Linklater, 'yar Sikotiland da ta rasu a 2020, ta nuna a littafinta na 1976 cewa kowane mutum da cikakkiyar murya aka haife shi, tsoro da kunya da al'adar danne zuciya ne ke ɗaure ta. Don haka aikin malami kwance ƙulli ne, tun daga muƙamuƙi da tushen harshe har kafaɗu. Ita kuwa Cicely Berry, wadda ta jagoranci sashen murya na kamfanin Royal Shakespeare daga 1969, ta fi mai da hankali ga yadda ma'anar kalma ke jan numfashi.

Mene ne kuzari a nan?

Kalmar kuzari na yawan fitowa a bakin waɗannan malamai, amma ba ihu ko tsalle-tsalle suke nufi ba. Arthur Lessac, malamin Amurka da ya rasu a 2011 yana da shekara 101, ya koyar da cewa ɗan wasa ya daina sauraren muryarsa da kunne, ya koyi jin ta a jika. Ya kasa kuzarin murya gida uku. Na farko shi ne fasalin baki, wato buɗe cikinsa kamar mai shirin hamma domin wasula su sami fili. Na biyu shi ne amo: ɗalibi zai ja sautin "yi" a hankali har ya ji ganɗarsa da ƙasusuwan fuskarsa na zirnaniya, alamar sauti ya bar maƙogwaro ya dawo gaba. Na uku shi ne baƙaƙe, waɗanda ya kamanta da kayan kiɗa: "n" tamkar goge ce da ake ja, "t" da "k" kuwa ganguna ne da ake bugawa a saki.

Patsy Rodenburg ta Birtaniya ta dubi lamarin ta fuskar mu'amala, inda ta kawo da'irori uku. A ta farko mutum ya janye cikin kansa, murya ta faɗi, ƙarshen jimla ya ɓace. A ta uku ya banƙaro ƙirji yana watsa magana a kan kowa ba tare da ganin kowa ba. A ta biyu ce ake bayarwa ana karɓa, ɗan wasa na kallon abokin wasansa yana kuma saurarensa da gaske. Nan take so ɗalibi ya zauna, sauran biyun ya shige su idan rawar da yake takawa ta buƙata.

Akwai kuma hanyoyin da suka aro atisaye daga yoga da tausar Japan, kamar ta Catherine Fitzmaurice, wadda ke sa gaɓoɓi su yi ɗan karkarwa domin numfashi ya saki. Amfaninsu ga ɗan wasa na cikin sassauta jiki. Ba sa maye gurbin likita.

Inda harshe ya bambanta

An gina waɗannan hanyoyi ne a kan Ingilishi, saboda haka mai amfani da su a Hausa sai ya yi hattara. A Hausa karin sauti ne ke raba kukan yaro da bishiyar kuka, tsawon wasali ya raba gashin kai da gashin nama, lanƙwasa kuma ta raba baki da baƙi. Ɗan wasan da fushin rawarsa ya sa ya hau kan kalma da ƙarfi zai iya sauya mata ma'ana. Makirfo ma ba ya gyara wannan. Abin da aka ba shi yake ƙarawa, har da haɗiye baƙaƙe.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na shawartar mai sana'ar murya ya yawaita shan ruwa, musamman lokacin ƙurar hunturu, ya nisanci taba, ya rage gyaran murya da ƙarfi, kada kuma ya koma raɗa idan ta dushe, domin raɗa ma na gajiyar da ita. Dushewar da ta wuce mako uku kuwa, asibiti take buƙata, ba atisaye ba.