Yadda ƙurar hunturu da hankicina suka kusa ɓata min amanar mota a Garwa

A watan Janairun da ya gabata Yayana ya tafi Duwala harkar kasuwancinsa, ya bar min makullin motarsa da magana guda: "Ka riƙe min ita kamar yadda na ba ka." Toyota ce ta hannu, amma tsaf take, kuma abin da ya fi so a jikinta shi ne baƙar robar nan mai ƙyalli da ta zagaye giya da rediyo, wadda ake kira baƙin fiyano. Kana dubawa kana ganin fuskarka.

Duk wanda ya san Garwa a wannan lokaci ya san halin hunturu. Ka rufe gilashi ruf ka kwana, da safe ka tarar ƙura ta yi fari-fari a kan komai. Ni kuwa kullum na shiga sai in zaro hankici in share wajen giyar, ina ganin gata nake yi wa motar. Wata Lahadi da yamma, ina dawowa daga kasuwar Pitoa, rana ta faɗo a kan robar. Gabana ya faɗi. Duk ta cika da ƙananan zane, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo, ga kuma wani dogo guda inda nake ajiye makullan gida.

Na fara kai ta wurin wanki. Yaron ya ce ba komai ba ne, ya shafa wani mai, nan take ta yi sheƙi. Bayan kwana uku man ya bushe, zanen ya dawo, ƙura kuma ta ƙara mannewa. Ashe man ba ya cire karce, cika shi kawai yake yi na ɗan lokaci.

Daga nan aka yi min kwatancen wani dattijo mai fentin mota a unguwar Yelwa. Ya duba robar, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Ɗana, da me kake goge ta?"

"Da hankici, Baba."

"Busasshe?"

"Busasshe."

"To ai sanfefa ka yi ta sa mata."

Maganar tasa tana da tushe. Yawancin ƙurar da ke sauka mana daga Disamba zuwa Fabrairu iska ce ke ɗebo ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. A cikinta akwai ɓarɓashin yashi. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, farcen mutum kusan 2 da rabi, ita kuwa irin wannan roba ba ta fi farcen da wani abin kirki ba. Idan ka danna tsumma busasshe a kan ƙura, kowace ƙwaya jan layi take yi. Baƙi mai sheƙi kuma ba ya rufa asiri: kowane layi yana watsa haske, sai ya fito fari.

Abu na farko da dattijon ya yi shi ne ya sa aka tura motar inuwa, ya ce a bar ta ta huce. A Garwa, inda zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, robar cikin motar da ta yini a rana tana ƙona hannu, kuma man gogewa kan bushe a kanta tun kafin ya yi aiki.

Sai ya yi gwajin farce. Ya ja farcensa a hankali a kan zanen. Inda ya wuce sumul, ya ce wannan a sama yake, zai fita. A kan layin makullin nan kuwa farcen ya ɗan tsaya. "Wannan ya shiga ciki," in ji shi. "Zan rage shi, amma ba zan yi maka ƙarya in ce zai ɓace ba."

Ya kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, ya goge da jiƙaƙƙen tsumman maikurofaiba ba tare da dannawa ba, ya busar da wani. Ya rufe maɓallai da gefen fata da salatef na takarda irin na masu fenti, don kada mai ya maƙale a lunguna. Sannan ya ɗiga man goge roba, irin wanda ake wanke fitilun mota da suka dushe da shi, kamar ƙwayar wake, ya fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Da ya ga bai ɓata ba, ya ci gaba kaɗan-kaɗan, yana gogewa, yana sharewa, yana haska fitilar waya ya duba. Sau uku ya maimaita. Ya bayyana min cewa man ba ya toshe zanen, yana cinye saman robar ne kaɗan har ta daidaita da ƙasan zanen. Shi ya sa ba a zafafawa: wata robar tana da siririn fenti mai haske a samanta, in ka cinye shi ka shiga uku.

Na tambaye shi abubuwan da na ji mutane na faɗa. Makilin? Ya ce yana ɗan yi a kan zane mara zurfi, amma wani yana da kaushi, sai ya bar dishi-dishi. Fetur ko tina? Ya ɗaga hannu: "Ko kusa! Narkar da robar suke yi, babu gyara." Ya kuma ja kunnena kada in kai wannan mai kan allon rediyo, domin akwai wani shafi a kansa mai hana ƙyallin rana, in ya goge sai allon ya yi dabbare-dabbare.

Zane mai zurfi, a cewarsa, hanyarsa uku ce. Ko a cire robar a bi ta da sanfefa mai lamba 2000 zuwa 3000 da ruwa sannan a goge, wanda aikin gwani ne. Ko a lulluɓe ta da ledar nan mai manne da ake yi wa motoci ado. Ko a nemi wata a wurin masu kayan gyara na hannu. Na ce ba zan canza komai a motar da ba tawa ba sai mai ita ya sani.

Cikin awa guda saƙar gizon ta tafi. Layin makullin ya rage, amma yana nan ga wanda ya san inda zai duba. Na biya jaka uku na sefa, na sayi tsumma biyu, ɗaya na jiƙawa, ɗaya na busarwa, ina ajiye su cikin leda don kada su ma su kwashi ƙura. Makullan gida kuwa sun koma aljihu.

A daren na kira Yaya na faɗa masa komai. Ya yi shiru, har na ɗauka layi ya yanke. Can ya ce, "Da ka ɓoye min, da shi ne zai dame ni." Da ya dawo ya duba layin, ya shafa shi da yatsa, ya ce a bar shi haka. Sai dai ya karɓi tsummokan nan biyu, bai dawo min da su ba har yau.