Gobe-da-nisa da masu kama da ita: Yadda bambance macizai ke ceton rai

Daga faɗuwar damina zuwa ƙarshen girbi ne asibitocin karkara a arewacin Najeriya suka fi karɓar waɗanda maciji ya sara, akasarinsu manoma da makiyaya da yaran da ke taya su aiki. A asibitin kula da saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe, mafi yawan masu jinyar macijiya ɗaya ce ke kawo su: kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa.

Sai dai ba duk macijin da ya yi kama da ita ba ne ita, kuma ita kanta tana da 'yan uwa na jini da ido ba ya saurin rabewa. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. A sha'anin macizai, wannan magana ta shafi har allurar da za a yi wa wanda aka sara.

Yaya gobe-da-nisa take?

Ƙaramar macijiya ce, tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 30 zuwa 60. Launinta ruwan ƙasa ne ko toka-toka, da zane a gadon baya da jerin fararen ɗigo a gefen jiki. Kanta ya fi wuyanta faɗi, an lulluɓe shi da ƙananan ɓawo masu kaushi, wutsiyarta kuma gajera ce.

Babbar alamarta ita ce yadda take gargaɗi. Idan ta ji barazana sai ta naɗe jiki ta riƙa goga gefe da gefe, ɓawon fatarta mai haƙora kamar zarto ya riƙa fitar da ƙara irin ta ruwan da ya zuba a kasko mai zafi.

Kasa, wadda ake yawan haɗa su a baki, ta bambanta da ita sosai. Kasa ƙatuwa ce mai kauri, takan kai mita ɗaya, zanen bayanta kamar bakin kibiya yake, gargaɗinta kuma huci ne da kumbura jiki. Tun da sunayen macizai na sauyawa daga wannan yanki zuwa wancan, likita ya fi amfana da bayanin siffa a kan suna kawai.

Mai kwaikwayon da ba shi da dafi

A gonakin da gobe-da-nisa take, akwai macijin da ƙwan tsuntsaye kaɗai yake ci, wanda masana ke kira Dasypeltis. Ba shi da dafi, haƙoransa ma kusan babu. Amma wasu nau'o'insa na da zane irin nata, kuma shi ma yana goga jiki ya fitar da wannan ƙara, har ya kai sara da buɗaɗɗen baki don tsoratarwa.

Dabarar nan ta duba ƙwayar ido ba ta aiki a nan, domin dukansu biyu baƙin idonsu tsaye yake kamar na kyanwa. Inda suka rabu shi ne kai da jiki: mai cin ƙwai siriri ne, kansa ƙarami ne da kusan ba a rabe shi da wuya, kuma saman kan na ɗauke da manyan ɓawo masu faɗi.

Akwai kuma ƙaramin maciji na dangin Causus mai cin kwaɗi, wanda ke da zane kamar harafin V a ƙeya da baƙin ido zagayayye. Yana da dafi, saransa na sa zafi da kumburi, amma da wuya ya yi kisa.

Gida ɗaya, dafi daban-daban

Bambancin da ya fi wahala yana cikin gidan gobe-da-nisa kansa, wato dangin Echis, wanda ya bazu daga Senegal har zuwa Indiya. An daɗe ana ɗaukar yawancinsu a matsayin nau'i ɗaya. Ko binciken da likita ɗan Birtaniya David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, da sunan Echis carinatus ya kira macijiyar Najeriya, sunan da a yau ta yankin Indiya ke amsawa.

A 1970 aka raɗa wa ta Afirka ta Yamma sunan ocellatus saboda ɗigon gefenta masu kama da idanu. A 1972 aka ware wata ta yankin Sahel mai suna leucogaster, wadda cikinta fari ne fat, saɓanin ta farkon mai ɗigo-ɗigo a ciki. A 2018 kuma masanin Faransa Jean-François Trape ya ware waɗanda ke Najeriya da Kamaru da Chadi a ƙarƙashin sabon suna, romani.

Wannan rabe-rabe na da tasiri kai tsaye a kan magani. Ana samar da allurar kashe dafi ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafin wasu macizai kaɗan-kaɗan, sannan a tace garkuwar da jininsu ya samar. Don haka maganin ya fi aiki a kan macizan da aka yi amfani da dafinsu.

An ga illar rashin lura da haka a Ghana. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa da wani asibitin karkara ya koma amfani da maganin da aka yi da dafin macizan Indiya, yawan mace-macen waɗanda aka sara ya tashi daga kashi 1.8 cikin 100 zuwa kashi 12.1.

Shi ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya da masana daga Liverpool da Oxford suka haɗa gwiwa aka samar da magunguna da dafin macizan Najeriya. EchiTAb-G, da aka haɗa a Birtaniya, na gobe-da-nisa ne kaɗai. EchiTAb-Plus-ICP, da ake haɗawa a Kosta Rika, ya haɗa da kasa da kumurci mai tofi. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo, aka wallafa sakamakon a 2010.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba

Irin wannan ruɗani na faruwa a wasu nahiyoyin. A Amurka akwai macizai uku 'yan gida ɗaya, dangin Pituophis, da aka taɓa lissafa su a matsayin nau'i guda: na gofa a yamma, na sa a filayen tsakiya, da na dazukan fayin a gabas, wanda hancinsa ke da tsini saboda tonon yashi. A yau ana ɗaukar na sa a matsayin reshen na gofa, na fayin kuma nau'i mai zaman kansa. Babu mai dafi a cikinsu, ɓeraye ma suke rage wa manoma, amma da yake suna huci suna kaɗa wutsiya kamar macijin nan mai ƙararrawa a jela, ana yawan kashe su bisa kuskure.

A kudancin Sin, har da lardin Guangdong inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin kaya a Guangzhou, akwai maciji mai zoben baƙi da fari na dangin Bungarus wanda dafinsa ke tsayar da numfashi, da wasu marasa haɗari masu irin zanensa. A 2001 wani ƙwararren masanin macizai ɗan Amurka, Joseph Slowinski, ya rasu a Myanmar bayan ɗaya daga cikin wannan dangi ya sare shi, an ɗauka marar dafin ne.

Me ya kamata ku yi?

Idan ƙwararre zai iya ruɗewa, bai kamata manomi ya yanke hukunci a gona cewa wanda ya sare shi marar dafi ne ba. Hasali ma sunan gobe-da-nisa na iya yaudara, domin dafinta ba ya kayar da mutum nan take. Hana jini daskarewa yake yi. Mutum na iya yawo da ƙafafunsa kwana ɗaya ko biyu, sannan jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari, ko ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Idan ba a yi magani ba, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 na rasa ransu.

A asibiti, jinin majinyaci ne ke tona asirin macijin. Ana zuba kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. Idan bai daskare ba, a wannan yanki alama ce mai ƙarfi ta saran gobe-da-nisa. Aikin da aka yi a Najeriya ne ya fito da wannan gwaji, yanzu kuma ana amfani da shi a ƙasashe da dama.

Shawarar likitoci ita ce a nisanta daga macijin, a cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotse, kada kuma a ɓata lokaci wajen farautar macijin. Idan an samu ɗaukar hotonsa da waya daga nesa, ya wadatar. Takalmin roba mai dogon wuya a gona da tocila da dare na rage haɗarin tun daga tushe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. A 2017 ta saka shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta ƙaddamar da shirin rage mace-macen da nakasar da rabi kafin 2030. Cimma wannan buri a Najeriya da Nijar ya rataya ne a kan masu sayo magani su tabbatar da dafin macizan yankin aka yi shi, kuma ya isa asibitin da ke kusa da gona kafin damina ta sauka.