Idon Matuƙin Jirgi: Ado a Teku, Annoba a Akwatin Kifi

Masu nutso a tekun Karibiyan da Bahar Maliya da tekun Indiya kan ci karo da wani ɗan ƙwallo kore mai walƙiya kamar gilashi, maƙale a ramukan duwatsun murjani. Wasu kan zaci ƙwan kifi ne. A gaskiya nau'in gansakuka ce wadda masana ke kira Valonia ventricosa, Turawa kuma suka laƙaba mata suna "idon matuƙin jirgi". Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Jacob Agardh, shi ne ya bayyana ta a shekarar 1887.

Abin mamaki shi ne, dukan ƙwallon nan ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, alhali galibin ƙwayoyin halitta sai da madubin likita ake ganinsu. Faɗinta yakan kai santimita 1 zuwa 4, wani lokaci har 5. Ana gane ta da santsinta, da tauri idan an taɓa, da ƙananan zaruruwan da take kama dutse da su. Galibi ita kaɗai take tsirowa, 'yan uwanta kuwa sukan fito curi-curi kamar inabi.

To, sai dai masu kiwon kifin teku a akwatunan gilashi ba su maraba da ita. Takan shigo ne a ɓoye jikin duwatsun da ake sayo wa akwati. Idan ragowar abinci da kashin kifi suka yawaita a ruwa, sai ta samu taki, ta yaɗu, ta tare wa murjani mai tsada haske, ta kuma toshe famfo. Fashe ta ba ya kawo ƙarshenta, domin ɓurɓushin abin da ke cikinta na iya zama sababbin ƙwallaye. Saboda haka ƙwararru ke ba da shawarar a fitar da dutsen a ɓamɓare ta a hankali, a rage abinci, ko a saka wata koriyar kaguwar Karibiyan da ke cin ta.

Haɗari mafi girma shi ne zubar da ruwan akwati a teku. A 1984 aka fara ganin wata gansakukar akwati, Caulerpa taxifolia, a gaɓar Monako, daga nan ta bazu zuwa gaɓar Faransa da Italiya da Sifen. Da ta ɓulla a Kalifoniya a 2000, sai da aka shekara shida ana fama kafin a kawar da ita.