Ƙaramar kwamfutar da ke saita kanta kafin malami ya taɓa ta a Damargu

Daga Damagaram zuwa Tanut tafiya ce ta kusan kilomita 140 a kan hanyar Agadas. Belbeji kuwa, wadda aka cire daga Tanut ta zama gundumar kanta a 2011, tana can yamma. Duk wanda ya aika na'ura zuwa makarantun wannan yanki ya san matsalar: idan ta ƙi tashi, mai gyara yana nesa, kuɗin mota kuma ba kaɗan ba ne.

Raspberry Pi kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba. An fara sayar da ita a 2012 daga Ingila a kan dala 35. Wuta kaɗan take ci, don haka ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta. Idan aka ɗora mata manhajar Kiwix, sai ta riƙa raba Wikipedia, har da ta Hausa, ga wayoyin da ke kusa ba tare da intanet ba. Gidauniyar Orange ta yi amfani da irinta a shirinta na makarantun zamani da ya fara a 2014, kuma Nijar na cikin ƙasashen farko.

Sai dai kwamfutar tana zuwa ne tsirara: babu allo, babu madannai. Malamin da ya karɓe ta a Gangara ko Tarka ba shi da inda zai rubuta mata umarni.

Maganin shi ne a gama komai tun daga hannun mai aikawa. Duk manhajarta tana kan ƙaramin katin memori. Manhajar Raspberry Pi Imager tana ba da damar rubuta sunan na'urar, sunan mai amfani, kalmar sirri, bayanan Wi-Fi da yankin lokaci a kan katin. Da an jona wuta karon farko, sai ta karanta waɗannan bayanai, ta saita kanta, ta kama aiki.

Tsallake wannan mataki yana da tsada. A Afrilun 2022 masu ƙera ta sun cire tsohon suna da kalmar sirrin da kowace ke zuwa da su, saboda tsaro. Yanzu katin da ba a saita ba zai tsaya yana jiran a ƙirƙiri mai amfani, abin da ba ya yiwuwa sai da allo da madannai.

Saboda haka ɗan Damargu da ke Kano, Aljeriya ko Faransa, mai niyyar taimaka wa makarantar garinsu, ya saita katin, ya kunna na'urar a gabansa ya ga wayarsa ta kama ta. Sannan ya kwafi kati na biyu ya saka a cikin kwalin, domin yawan ɗaukewar wuta kan lalata kati. Idan na farko ya mutu, malami zai zare shi ya sa ɗayan, darasi ya ci gaba.