Me Ya Haɗa Teku da Daminar Bakura?

Manomin Bakura ya san halin damina. Bana ruwa ya sauka da wuri, baɗi kuma a yi shuka har sau biyu, gero na tsirowa rana na ƙone shi. Tushen wannan sauyi yana can nesa, cikin teku.

Iskar damina ce ke ɗauko laima daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, tana tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa. Idan ruwan tekun da ke gaɓar Gini ya yi ɗumi fiye da kima, iskar ba ta samun ƙarfin hawowa. Sai ruwa ya zube a kudu, mutanen Talata Mafara da Maradun kuwa su yi ta kallon hadari yana haɗuwa yana watsewa. Haka nan idan gabashin Tekun Pasifik ya ɗumama, abin da masana ke kira El Nino, damina kan yi rauni a yankin Sahel. An yi El Nino a 1972 da 1982, shekarun da suka faɗo cikin zamanin babban farin da dattawa ke tunawa har yau.

Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, ta taimaki noman rani, amma ita ma ruwan sama ke cika ta.

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ya kamata hasashen nan ya riƙa isa ga manomi da Hausa, ta rediyo, tun kafin ya zaɓi irin shuka.